Na Dawo da Takalman, Na Bar Yarinyar

Da damina ne, gero ya fara fitar da kai, duwatsun bayan gari sun yi kore shar kamar ba su ba. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a ce a jiharmu. Duk inda ka zauna zancen ke nan, a rediyo, a bakin famfo, a gidan suna. Mayafai suka koma hijabai, hijabai suka ƙara tsawo, kuma kusan kowane gida sai da aka samu wanda ya wayi gari ya zama malami. Mutane suna ta murna, ni ma na yi tawa daidai gwargwado. Amma idan aka ambaci shekarar nan ba wannan nake fara tunawa ba. Abin da yake zuwar mini shi ne ɗanɗanon ƙarfe a bakina, da ranar da aka tafi da 'yata ina zaune ina kallo.

Kafin ruwan farko ya sauka aka cire mini nonon hagu a wani babban asibiti a Kano. Ciwon daji ne, in ji su. Da wurin ya kame sai suka ce dole a bi da maganin ƙarin ruwa, don a kashe abin da wuƙa ba ta gani ba. Duk bayan 'yan makonni Malam, maigidana, zai ɗauke ni daga Limawa, a nan Dutse, mu hau motar Kano, a ɗaura mini ruwan, wani ja kamar zoɓo, mu dawo ina amai a leda. Sun faɗa mini gashina zai zube, ya zube. Sun ce zan yi amai, na yi. Sun ce farcena zai yi baƙi, haka aka yi. Duk waɗannan sun faɗa, na kuma ɗaura musu ɗamara. Amma babu wanda ya ce mini tunanina ma zai taɓu. Shekaru sun ja, jikokina sun fara tasowa, kuma har yau in na tuna wannan sai na ji zuciyata tana tafasa.

Da ƙananan abubuwa ya fara. In tsaya a tsakar gida da hannu a miƙe, ina so in ce wa babbar 'yata ta ba ni ludayi, sai sunansa ya ɓace. Ina ganin ludayin, na san aikinsa, na san ranar kasuwar da na saye shi, amma sunan babu. Sai in ce, “Miƙo mini abin nan, na kunu.” Yara su kwashe da dariya, ni ma in taya su. Na zuba gishiri a miyar kuka, na juya na sake zubawa, aka kwana da gayan tuwo. In tayar da sallar azahar, ina cikin ruku'u in rasa ko a raka'a ta biyu nake ko ta uku. Ƙabli da ba'adin da na yi a watannin nan ya fi wanda na yi tun balagata. Sannu a hankali yaran suka daina dariya. Suka koma kallon juna idan na buɗe baki, kuma wannan ya fi dariyar ciwo.

Ni ba a sa ni boko ina yarinya ba. Sai da na haifi uku na shiga ajin yaƙi da jahilci, da goyo a bayana, muna zaune kan tabarma a zauren mai unguwa. Da wahala na koyi haɗa baƙi, kuma ranar da na fara karanta wasiƙa da kaina ban ci abinci ba don daɗi. To a daminar nan sai in ɗauki littafi, in karanta layi ɗaya, kafin in kai ƙarshensa farkon ya zube. Kamar mai ɗebo ruwa da rariya. Abin da na samu da gumina, ina kallo yana tsiyayewa, kuma ban san wanda zan kai wa ƙara ba.

Yayar Malam, wadda dukkanmu muke kira Yaya, tana aure a Ringim. Nata 'ya'yan sun girma sun watse. Ta zo ta zauna da mu don jinya, kuma ba zan ci amanarta ba, ta yi. Ta wanke mini tsummokaran da ko ni ba na son kallo. Ta dama mini kunun tsamiya lokacin da babu abin da yake zama a cikina. Sai dai Yaya mace ce da in ta ga abu sau ɗaya ta gama yanke masa hukunci.

Wata ranar Laraba aka yi suna a maƙwabta. Jikina ya ɗan yi dama, na ce bari in leƙa in yi barka. Na ja hannun Auta, ƙaramar 'yata, lokacin ba ta wuce shekara huɗu ba. Gidan cike da mata, hayaniya ta ko'ina, ga ƙamshin turare yana tayar mini da zuciya. Auta ta yi barci a ɗakin mai jego, na cire mata takalma na riƙe. Da na ji jiri na miƙe, na yi sallama da mutane, na taho gida.

Na shigo Yaya tana tankaɗe. Ta ɗago ta dube ni, ta dubi hannuna.

“Ina yarinyar?”

Na dubi hannuna ni ma. 'Yan takalman roba, shuɗaye, wari biyu. Na tsaya ina kallonsu. Wallahi a wannan lokacin ban san daga inda nake ba.

Ba a jima ba maƙwabciyata ta yi sallama da Auta a kafaɗa, tana barcinta, ko motsi ba ta yi ba. Matar tana dariya ta ce, “Kin bar mana ajiya, mu kuwa muna da tamu sabuwa.” Babu abin da ya sami yarinyar. Gida ɗaya ne tsakaninmu. Amma Yaya ta ajiye rariyar, ta karkaɗe hannu, na kuma san an gama.

Da yamma na ji ta tana ce wa Malam, “Wannan ba ciwon asibiti ba ne. Ciwon asibiti a ƙirji yake, an yanke. Wannan a ka yake. An shafe ta, ko a asibitin nan da ake mutuwa kullum, ko a hanya.”

A shekarar nan masu ruƙiyya sun yi yawa. Aka kira wani matashi, gemunsa bai gama cika ba. Ya zauna nesa da ni, ya yi ta karatu da ƙarfi, aka turara wani hayaƙi a kasko aka lulluɓe ni da bargo. Ni da ko ƙamshin sabulu yake sa ni amai, ai kuwa na yi ta kelaya shi. Ya ce, “Alhamdu lillahi, ga shi nan ya fara fita.” Yaya tana gyaɗa kai.

Ba da karatun nake faɗa ba. Ayoyin Allah ne, kuma na ji sanyinsu a raina. Abin da ya ƙona ni shi ne da ya dube ni ya ce, “Kai wane ne? Me ya kawo ka jikin baiwar Allah nan?” Yana tambayar wani da babu shi. Ni da nake zaune a gabansa, da kaina ba gashi da ƙirjina ɗinkakke, babu wanda ya ce, ke, yaya kike ji? Tun daga ranar aka koma magana a kaina ina wurin, kamar ana maganar akuya mara lafiya.

Bayan kwana kaɗan Yaya ta ce za ta koma gida. Bayan la'asar ta sa aka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ta kira Malam, ta kira ni.

Ta ce, “Zan tafi da Auta. Ta zauna wurina har Allah Ya ba ki lafiya. Yau gidan suna ne, gobe ba mu san ko bakin rijiya ba ne.”

A wurinmu idan dangin miji suka nemi ɗa, uwa ba ta cewa a'a kai tsaye. Kara ake yi. Amma akwai hanya, kuma duk macen da ta kwana biyu a gidan aure ta san ta. Za ki sunkuyar da kai ki ce ai naku ne, ku kuka haife su, sai dai a bari ta ɗan ƙara wayo, har yanzu tana fitsarin kwance, kada ta wahalar da ke. Kowa ya gane, a yi dariya, a bar maganar, babu wanda ya ji kunya. Na san hanyar nan sarai. Da ita na hana a tafi da babbar 'yata shekarun baya, kuma Yayar ce dai ta nema.

Na buɗe baki in bi ta. Babu komai. Na san akwai maganar da ake faɗa, na san na taɓa faɗarta, ina jin nauyinta a harshena, amma ko kalma ɗaya ta ƙi zuwa. Na dubi Malam ko zai cece ni. Yana kallon carbinsa. Na sake buɗe baki na rufe.

Yaya ta ce, “Allah Ya yi miki albarka. Da ma na sani, ke ba kya musu.”

Haƙurina suka ɗauka suka yanka ni da shi. Shekara da shekaru ina yin shiru don kawaici, ranar da shirun ya zama na dole babu wanda ya iya bambancewa. Da safe aka saya wa Auta sababbin takalma, ta bi gwaggonta tana tsalle saboda za ta shiga mota. Tsofaffin na tura su ƙarƙashin gado.

Da lokacin ƙarin ruwa ya zagayo na ƙudura zan faɗa wa likita. Tun daga Wudil nake maimaita abin da zan ce don kada ya gudu. Na faɗa masa ina mantuwa, kalmomi suna ɓace mini, na kasa karatu. Bai ɗago ba, yana rubutu. Ya ce, “Damuwa ce, Hajiya. Ki rage tunani. Ki gode wa Allah an kama abin da wuri.”

In rage tunani. Ni da tunanin nake nema ido rufe.

Aka ɗaura mini ruwan. Ina kwance hawaye yana gangarowa cikin kunnena. A gadon kusa da ni akwai wata mata mai jiki, mai sayar da busasshen kifi daga Haɗeja, mun saba haɗuwa. Muryarta har waje ake ji.

Ta ce, “'Yar Dutse, wa ya cinye miki dabino kike kuka?”

Ban san dalili ba, sai na faɗa mata duka, har takalman.

Ta yi tsaki. Ta ce, “Wannan ne aljanin? To ni ma yana kaina, kuma ga shi can a rataye yana ɗiga.” Ta nuna ledar jan ruwan da haɓa. “Ni da nake gane kifin kowane tafki da ƙamshinsa, rannan na tsaya a rumfata na rasa ko buɗewa na zo yi ko rufewa. Na fita unguwa da takalmi wari-wari. Shekaranjiya na kalli maigidana na rasa sunansa. To da ma ba faɗa nake ba, sai abin ya zo da sauƙi.”

Na yi dariya har allurar ta motsa. Wata tsohuwa daga can ƙarshen ɗakin ta ce ita ma haka, ta ɗauka tsufa ne. Wata kuma ta ce ita ɓoyewa take yi, don kada a ce ta haukace.

Da likitan ya shigo zagaye, mutuniyar Haɗeja ta tare shi. Ta ce, “Likita, tsaya. Mu nan duk kanmu ya zama kwando. Ruwan nan ne ko ba shi ba ne?”

Ya ce e, mata da yawa suna kukan haka idan suna kan maganin, kuma galibi yana sauƙi sannu a hankali bayan an gama.

Ni da ban taɓa ɗaga murya ga namiji ba, na ji bakina ya ce, “To me ya sa ba ku faɗa mana ba?”

Ya ce, “Hajiya, in muka faɗa muku komai, wasunku ba za su dawo ba.”

Na daɗe ina juya maganar nan. Na dawo da aka ce za a yanke mini nono. Na dawo da gashina ya zube a kan matashi. Wato sun auna ni sun ga zan iya ɗaukar wuƙa, amma ba zan iya ɗaukar magana ba. Da ya faɗi jimla ɗaya tun farko, a gaban Malam, da ba a lulluɓe ni da hayaƙi ba. Da Auta tana gida.

Na ce a kira mini maigidana daga baranda. Na ce wa likitan, “Maimaita masa.” Ya maimaita. Ya ƙara da cewa babu ƙwaya guda da take maganin wannan, amma akwai abubuwan da suke ƙara shi, kuma su ana iya gyarawa. Aka auna jinina aka ga ya yi ƙasa sosai, aka ba ni magani, aka ce in dage da zogale da hanta in sun samu. Ya tambayi barcina, na ce rabona da na kirki tun kafin aiki. Ya ce in riƙa kwanciya da wuri, in riƙa ɗan tattaki da safe, in riƙa yin abu ɗaya a lokaci ɗaya, kowane kaya ya sami wurin zama guda. Ya ce kada a kuskura a daina maganin. Malam yana ta cewa, “To, to, ikon Allah.” A mota, da muka kusa gida, ya ce, “Ashe haka ne.” Iyakarta ke nan.

Na kama abin da aka ce kamar yadda na kama karatun yaƙi da jahilci. Tukunya ɗaya nake ɗorawa, kuma ba na barin gindin murhu sai na sauke. In na zuba gishiri sai in kife gwangwanin, in ce da ƙarfi, “Na zuba.” Na ajiye ƙwallayen dabino a gefen sallaya, duk raka'ar da na gama in ture ɗaya da yatsa, daga baya kuma na koma bin babbar 'yata salla. Da hantsi mukan taka ni da ita zuwa gindin duwatsu mu dawo. Na hana a yi mini magana mutum biyu lokaci guda. Na ce wa yaran, in kalma ta ɓace mini kada wanda ya yi dariya, kada kuma wanda ya ƙarasa mini, a jira ni. Ba zan ce na warke ba. Har aka yi girbi ina rasa sunan abu. Amma na daina tsoron kaina, kuma da tsoron ya ragu sai kalmomin suka fara dawowa da kansu, ɗaya bayan ɗaya, kamar kaji da magariba.

Duk wannan lokacin babu wanda ya ta da maganar Auta. In na ce, “Malam, yarinyar nan fa?” sai ya ce, “A bari ki gama maganin.” Na gama maganin. Ya ce, “A bari ki ƙara ƙarfi.”

Wata rana ya je Ringim ta'aziyya ya dawo gab da magariba, da ɗaurin albasa da tumatir da Yaya ta aiko. Yana alwala yana ba ni labari, fuskarsa a sake. Wai Auta ta yi ƙiba. Wai an sa ta a Islamiyya. Wai har Umma take ce wa Yaya.

Na ce, “Umma?”

Ya ce, “Yara ne, kin sani.”

Na ce, “Yaushe za a dawo da ita?”

Ya ajiye butar. Ya ce, “Ke ma kin san ba a haka. An ba ta yarinya a gaban ido, ke da kanki ba ki ce komai ba. Yanzu in je in ce ta dawo da ita, da wane baki? Yayata ce. Ta yi miki jinya.”

Ban yi ihu ba, ban iya ba. Na zauna a bakin turmi, na yi magana a hankali, ina ɗaukar kalmomin ɗaya-ɗaya yadda na koya.

Na ce, “Malam, ban bayar ba. Kasa magana na yi, kuma kana wurin. Ka ji da kunnenka abin da likita ya ce. An yanke mini nono na yi shiru. An turara ni kamar mai iskoki na yi shiru. An ce har in warke, ga shi na tashi. Kai kana jin kunyar Yaya. Ni wa ya ji kunyata ranar da kuka zauna kuna kallon bakina yana buɗewa yana rufewa?”

Ya ce, “Ki yi haƙuri.”

Na ce, “Na yi. Shi ne ya kai ta Ringim.”

Aka kira salla ya fita. Da ya dawo bai sake tayar da zancen ba, ni ma haka.

Washegari bayan asuba na durƙusa na jawo takalman daga ƙarƙashin gado, na goge musu ƙura, na sa a jaka. Na ce wa Malam zan je Ringim. Ya ce wa babbar 'yarmu ta raka ni. A mota, har muka wuce Taura, ina maimaita maganar da zan yi wa Yaya, mai daɗi, mai kara, da godiya a farko da addu'a a ƙarshe.

Muka yi sallama. Auta tana tsakar gida tana cin ɗumame. Ta dube ni, ta dubi gwaggonta, ta ɓoye a bayan zaninta. Na durƙusa na gaida Yaya yadda ya kamata. Da na ɗago in fara, maganar da na tsara ta tafi gaba ɗaya, ko ɓurɓushi ba ta bari ba.

Wannan karon ban jira ta ba. Na ce, “Yaya, na gode. Na zo ɗaukar 'yata.”

Yaya ta ce, “Haka kawai?”

Na ce, “Haka kawai.”

Na fito da takalman. Auta ta leƙo, ta gane su kafin ta gane ni, ta ce, “Nawa ne.” Ta zo ta miƙo ƙafa. Sun yi mata kaɗan, dunduniyarta a waje. Na mayar da su jaka, na juya mata baya na ce, “Hau.” Ta yi girma da goyo, kuma da na ja zanin na ɗaure a ƙirji sai da tabon ya amsa har cikin haƙorana. Na ƙara tamke shi, na yi wa Yaya sallama, muka kama hanyar tasha.